An Zana Ni Ba Ɗankwali

Assalamu alaikum Gwaggo Ambaro,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci, domin duk wanda na kai wa maganar nan, tun ban dire ba yake ba ni amsar tambayar da ban yi ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a gida sai an ce in ɗaga murya. Amma makonnin nan abin ya cika min ciki, har sai in ɗinka hannun riga a wuya ban lura ba sai mai rigar ta zo.

Matar aure ce ni, na ɗan haura hamsin, ina da shagon ɗinki a kasuwarmu ta nan Minneapolis. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya fiye da gida. 'Ya'yanmu huɗu. Maganar a kan ta biyun ce, zan kira ta Filsan, ba sunanta ba ne.

Filsan mawaƙiya ce. Da rana tana aiki a kantin magani, da yamma da ƙarshen mako tana waƙa da gitarta. Tun tana rarrafe ba a ajiye murfin tukunya a inda hannunta zai kai. Gwangwanin man girki, bokiti, ƙofar firji, duk ganguna ne a wurinta, har tsohon da ke bene na ƙasa da mu ya riƙa zungurar silinsa da sandar tsintsiya. To roƙona na farko, Gwaggo, kada ki buɗe min babin kiɗa. Na yi allo, na sauke, na san abin da malamai suka faɗa, na san inda suka saɓa. Ni da ita mun sha wannan muhawarar shekaru, muka tsaya a wata matsaya: ba batsa, ba wurin da ake shan giya, ba wasa da salla. Ta riƙe alkawari, Allah Ya yi mata albarka. Ba shi ya kawo ni ba.

Bara ta yi wata waƙa a kan yarintarta, yadda take kwana tana tashi da burin ta zama mawaƙiya. Ta ce waƙa a zamanin nan ba ta tafiya sai da bidiyo. Na ce mata ni dai ba na son in ga 'yata tana juyi a gaban kyamara duniya na kallo. Ba ta yi musu ba. Bayan ɗan lokaci ta shigo da murnarta tana kirana Hooyo, wato uwa da yarenmu, ta ce, "Na samo mafita, ko farcena ba za a gani ba. Katun za a yi, zane mai motsi." Wallahi ranar har addu'a na yi mata da babbar murya. Ki riƙe wannan a ranki: don ni aka zaɓi zanen. Shi ya sa abin yake ƙara cina.

Mai zanen ƙawarta ce tun sakandare, 'yar ƙabilar Hmong, zan kira ta Pakou. Yarinya mai ladabi, tun a bakin ƙofa take cire takalmi ba sai an ce ba, kuma ba ta taɓa raina min abinci ba, har ayaba ta koyi haɗawa da shinkafa yadda muke ci. Da hannu take zanenta. Sai a lokacin na san cewa kafin mutumin katun ya ɗaga hannu sau ɗaya, sai an zana hannun nan an sake zanawa, an sake, kowanne ya ɗan gota na baya. Ta ce tana son tsofaffin hotuna, ta ga yadda gidanmu yake lokacin Filsan na ƙarama.

Kin san gidajenmu, hotuna iri biyu ne. Akwai na falo, wanda kowane baƙo zai iya ɗagawa. Akwai kuma na cikin gwangwanin biskit a ɗakin kwana, na suna da na lalle da na zaman mata, inda kowa kanta a sake. Pakou mace ce. Na ɗauko mata gwangwanin ba tare da wani tunani ba. Kuma da take zuwa, ban ga dalilin da zan rufe kaina a kicin ɗina don ita ba. Na san akwai masu tsanantawa ko a gaban macen da ba Musulma ba, amma malamar da ta karantar da ni ba ta tafi a kan haka ba. Wata rana ina zuba ƙullun anjero, wainarmu mai faɗi, a tanda, tana zaune da takardunta ta ce, "Anti, in zana ki?" Na ce, "Zana mana, 'yata, in kin ga abin zanawa." A raina idon mace ne ke kallona, kuma takardar yarinya ce da za ta koma cikin jakarta. A ranta ita kuma, yanzu na gane, na ba ta izinin komai da komai. Ba wadda ta yi wa wata ƙarya. Abin da ke ba ni takaici ke nan, ba ni ma da wanda zan kama.

Duk lokacin sanyin nan ta yi tana aikin. Wata Lahadi bayan la'asar suka ce an gama, za a fara nuna mana a gida. Na soya sambusa, na dafa shayi, muka zauna ni da yaran da Pakou.

Bari in gaya miki abin da ke ciki, don ki san ba abin banza ba ne. Wata 'yar yarinya ce a ƙarƙashin teburin kicin, a can saman dogon bene, ƙanƙara na zuba a taga. Uwarta na girki, tana ɗan buga ludayi a gefen tukunya, tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Sai wani farin silin gashi ya zaro daga kan uwar, ya yi ta tsawo, ya fita ta taga, ya miƙe tsakanin benaye. Yarinyar ta hau kansa tana tafiya, tana faɗuwa tana kamawa, tana girma a kansa, har ya zama tsirkiyar gita a hannunta. A ƙarshe ta kaɗa shi a gaban taro, sautin ya biyo silin ya dawo har kicin, uwar ta waiwayo.

Gwaggo, ni ce. Ba mai kama da ni ba, ni ce. Wushiryata ce. Kitsona ne guda biyu da nake yi wa kaina. Furfurar nan ce da ta fito min a gefen hagu tun ina da ƙuruciyata, wadda lalle ya ƙi kamawa. Har yadda nake ture gashi da bayan hannu idan tafina da ƙullu. Tun kafin uwar ta juyo, autana Guled ya miƙe yana ihu, "Hooyo ce! Wallahi Hooyo ce!" Kowa na hawaye, ni kuwa jikina ya yi sanyi kamar an buɗe min ƙofar banɗaki.

Tun ranar bakwai ɗin bikina, da mata suka yi layi kowace ta ɗora min shash, ɗankwalin matan aure, a kai, babu namijin waje da ya sake ganin gashina. Na ƙetare iyakoki da shi a rufe. Na haihu a asibitin ƙasar nan da shi a rufe, ina naƙuda ina jan ɗankwali. An yi min tsawa a tashar bas saboda shi, ban cire ba. Ba ina yabon kaina ba ne, Allah Ya tsare ni da riya. Ina so ne ki gane cewa abin da na adana shekara da shekaru ne za a haska a bango a zauren unguwarmu ƙarshen watan nan, gaban mazan da ke salla sahu ɗaya da mijina, daga nan kuma a sake shi a intanet inda ba a dawo da abu.

Na bari Pakou ta tafi sannan na yi magana, a hankali kuma na yi. Filsan ta yi dariya tukuna, ta ɗauka wasa nake. Ta ce, "Hooyo, zane ne fa. Layi ne da launi. Ba gashinki ba ne." Na ce to in ba ni ba ce, me ya sa ɗakin nan gaba ɗaya ya kira sunana? In kuwa ni ce, kaina a buɗe yake. Ku zaɓi ɗaya. Har yau ba wanda ya ba ni amsar wannan, sai dai a ce na cika tsanani. Guled ma cewa ya yi, "Ko kyanwar katun ba ta sa kaya, ba wanda ya kai ta ƙara." Na ce masa ni ba kyanwa ba ce, ni uwarsa ce, ya tashi ya ba ni wuri.

An karantar da mu cewa mace ba ta zuwa ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana ganinta. To idan da baki ma an hana, ina ga da alƙalami da launi, ga tsawonsa, ga inda furfurar take? Wannan ce tambayata, ita kaɗai.

Na ce a ɗora min mayafi mana, me ya yi zafi? A nan na san ban san aikin ba. Filsan ta ce ba kamar liƙa hoto ba ne, duk inda na fito sai an sake zana ni ɗaya bayan ɗaya. Kuma in an rufe gashin, daga ina silin zai fito? Shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Duk da haka Pakou, Allah Ya saka mata, ta gwada ɗan guntu ta kawo. Ta sa min zumbulelen hijabi har gwiwa, irin wanda muke fita da shi, ina tsaye a gaban tanda. Kai ka ce tanti aka kifa a kicin. Ba ya motsi, ba ya numfashi. Ni kaina da na gani na ce wannan ba ni ba ce, wata baƙuwa ce ta shigo tana min girki. Filsan ta kalle ni ta ce, "Kin gani ko?"

Yarinyar nan Pakou ta zo ita kaɗai daga baya, da shinkafarsu mai danƙo a kwano, ta zauna a ƙasa tana kuka tana ba ni haƙuri. Ta ce su ma a gidansu akwai abin da ba a nuna wa bare, da ta sani ba za ta taɓa ba. Na ga wuyan hannunta a ɗaure da bandeji, aikin ne ya kumbura shi. Kuma na san da wannan fim take fatan a ɗauke ta aiki a wurin masu yin katun. Ni da nake tsoron in riƙe wa mai kaya ko ragowar ƙyalle, yaya zan yi da haƙƙin hannun yarinyar nan?

Na kira maigidana, yana can hanyar Nebraska. Ya yi ta dariya har yana tari. Ya ce, "Ke wannan gashin, ni da na biya sadakinsa ma sai na yi sa'a nake ganinsa, ashe Amurka za ta riga ni?" Da ya ji ban yi dariya ba ya ce, "Ku daidaita ke da 'yarki, duk abin da kika ce ina bayanki, titi ba kyau." Yana bayana, amma daga nesa.

Na kai wa ƙawata Deqa, mai shagon turare kusa da nawa. Ta kalla a wayata ta ce, "Ke kam ba ki da godiyar Allah. Ni da za a zana ni da rabin wannan sumar, da ƙafata zan bi gida-gida ina nunawa. Nawa kan ai sai dai a zana ƙwarya." Sannan ta rage murya ta ce amma fa in ya fita, matan masallaci sai sun yi shekara suna shan shayi da ni.

Na je wurin malam bayan karatu, daga bayan labule na yi tambaya. Yana jin kalmar zane ya tsaya a kan zana mai rai. Yana jin kalmar waƙa ya koma kanta. Ban ce ya yi kuskure ba, iliminsa ya fi nawa. Amma na shiga da kaya ɗaya na fito da uku, nawa kuma ko kwance shi ba a yi ba.

Yanzu ga inda muke. Filsan ba ta yi min rashin kunya ba, da ma ta yi, da na samu abin riƙewa. Cewa ta yi, "Shi ke nan, Hooyo, na fasa. Zan kira masu zauren in ce a cire ni. Ba zan buɗe miki kai ba, kuma ba zan fitar da tantin nan ba." Ta ce ƙarshen makon nan za ta kira su. Tun ranar gidan ya yi tsit. Yarinyar da ko wanke-wanke take sai cokula sun yi kiɗa, yanzu tana ajiye kofi kamar mai tsoron ta da marar lafiya. Tana gaishe ni, tana kawo min maganin hawan jinina, amma ba ta rera komai. 'Yan'uwanta suna kallona kamar ni na shaƙe ta. Ni ban ce a binne fim ba! Ban taɓa cewa ba. Amma an ajiye min zaɓi biyu, ko in fita tsirara-kai, ko in zama uwar da ta kashe abin da 'yarta ta fi so, kuma kowa ya naɗe hannu yana jiran in zaɓa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Na sa Guled ya tura min fim ɗin a waya, na ce don in duba inda za a gyara. Kullum bayan asuba, kafin in tafi shago, sai na kalle shi. Ban taɓa sanin yarinyar nan tana kallona haka daga ƙarƙashin tebur ba. Ni a zatona girki kawai nake, ina ɗan rage wa kaina kewar gida da waƙar da innata ke yi. Idan aka zo wurin da uwar ta waiwayo, sai in kifa wayar in yi kukana, in wanke fuska in fita.

Gwaggo, tsanani nake yi? In ba tsanani ba ne, ta ina zan fita ban cuci kaina ba, ban cuci yaran nan biyu ba? Ki amsa min da wuri don Allah, kafin ta ɗaga wayar nan.

Uwar da aka zana,
Minneapolis

*

Wa alaikumus salam, uwar Filsan.

Na karanta har ƙarshe, sau biyu ma. Ba zan taɓa babin kiɗa ba, ba kuma zan yi miki fatawa ba, ni ba malama ba ce. Abin da zan iya shi ne in amsa tambayar da kika yi.

Ba tsanani kike yi ba. Ke ce aka zana, kuma kanki ne. Wanda ɗansa ya gane shi tun kafin ya juyo, ba za a ce masa layi da launi ne kawai ba. Izinin da kika bayar, idon mace kika ba, ba bangon zaure ba. Ko da a ce babu maganar addini sam, mace na da ikon ta ce wannan ɓangaren nawa ba na kasuwa ba ne, kuma ba sai ta kawo hujja ba. Ki daina neman wanda zai sa miki hannu a kan wannan.

Kin ce ba ki da wanda za ki kama. Ni ina da. Pakou ba ta san hotunanmu iri biyu ba ne, amma Filsan a gidan ta tashi, ta san abin da ke falo, ta san abin da ke gwangwani. Watanni tana ganin aikin yana tafiya ba ta tsaya ta tambaye ki ba. Wannan sakacinta ne, kuma ya kamata ta ji shi daga bakinki sau ɗaya, a natse, sannan a wuce. Sai dai ki duba dalilin sakacin. Filsan ba ta ga buɗaɗɗen kai ba, uwarta ta gani. Yaro bai san uwarsa ta titi ba, ta kicin ya sani. Ta so ta nuna wa duniya daga inda muryarta ta fito, sai ta nuna ke, ba wani tauraro ba. Uwaye da yawa a garin nan suna rubuto min suna kukan 'ya'yansu na jin kunyar a gan su tare. Taki ta ɗora ki a tsakiyar abin da ta fi alfahari da shi. Ta yi kuskure, amma ba irin kuskuren da ake rufe ƙofa a kansa ba ne.

Yanzu ga aiki. An ce miki zaɓi biyu ne, ni ban yarda ba, kuma amsar tana cikin wasiƙarki. Kin ce Pakou ta kifa miki tanti. To me za ta zana? Abu biyu kawai ta taɓa gani: ke a kicin ba komai a kai, da mu a titi cikin zumbulelen hijabi. Wa ya taɓa nuna mata abin da ke tsakani? Yadda mace ke fizgo ɗankwali ta ɗaure idan ƙanin miji ya yi sallama ba zato, ta yafa gyale a kafaɗa ta ci gaba da girkinta. Wannan yana motsi, yana zamewa, ana ture shi da bayan hannu idan tafi da ƙullu. Kuma ke tela ce, ba sai na gaya miki cewa tsohon ɗankwali yana da zaren da ke zarowa a baki ba. Farin zare ɗaya daga gefen ɗankwalin uwa mai ɗinki zai iya fita ta taga, zai iya miƙewa tsakanin benaye, zai iya zama tsirkiya. Ki kira Pakou, ki ɗaura ɗankwalin yadda ke kanki kika yarda a gan ki, ke za ki sa iyakar ba wani ba, ki ɗora tanda a wuta, ki ce ta zana. Wannan karon kin san abin da kike bayarwa, ita ma ta san abin da take karɓa.

Ba zan ruɗe ki ba, fim ɗin zai rasa wani abu. Zare ba furfura ba ne, kuma Filsan za ta ji ciwon hakan, ki bar ta ta ji. Aiki ne kuma mai yawa a hannun da ya riga ya kumbura. Don haka ƙarshen watan nan ba zai yiwu ba, kada ma a gwada. Idan Filsan ta kira masu zauren, ta ce a ɗaga mata rana, ba a cire ta ba. Ɗaga rana ba mutuwa ba ce, kullum ana yi. Ƙarin wahalar Pakou kuwa haƙƙi ne, a zauna a yi maganarsa a fili kafin ta ja layi ɗaya, kuma nauyin a kan Filsan yake. Maigidanki da ya ce yana bayanki, ga inda zai matso kusa. Batun neman aikin Pakou kuwa, ki tambaye ta ko sabon zai wadatar, kada ki yanke mata ke kaɗai a zuci kina ta cin kanki.

Fim ɗin farkon kuma ba sai an binne shi ba. Ai mu mun daɗe da sanin inda ake ajiye irinsa. Hoton gwangwani ne, sai ya shiga gwangwani. Ku yi magana ku uku a kan wa ke riƙe da shi, a goge na wayar Guled da duk inda ya bazu. Idan ranki ya kwanta, ki tara mata zalla, kamar yadda muke yi a lalle, a ajiye wayoyi a kwando a bakin ƙofa, a kunna shi. Pakou ta ga aikinta na gaskiya a gaban masu kallo, Filsan ta ji tafi, Deqa ta yi ta hassadar sumarki a fili. Matan masallacin da kike tsoro, ki gayyace su, wanda ya yi kuka tare da kai ba ya jin daɗin gulmarka.

Amma duk wannan na biyu ne. Abu mafi muhimmanci a wasiƙarki kin sa shi can ƙasa kamar abin kunya. Kin gaya min kina kallon fim ɗin kullum kina kuka. Ni kika gaya wa, baƙuwa. Filsan fa? Tun ranar Lahadin nan, abin da ta ji daga bakinki kawai shi ne a rufe, a gyara. A zatonta ta miƙo miki zuciyarta kin ga aibi kaɗai. Ba don fim ta yi shiru ba, 'yar'uwa, don wannan ne. Kafin ki ambaci ɗankwali, kafin ki ambaci zare, ki zaunar da ita ki gaya mata abin da kika gaya min, da kalmomin da kika rubuta: ban taɓa sanin kina kallona haka ba. Ba sai kin ɗaga murya ba. Wadda ta ji ki daga ƙarƙashin tebur tana ƙarama, za ta ji ki yanzu.

Yau za ki yi, ba gobe ba, tun wayar tana ajiye.

Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa kanki, Ya ba hannun Pakou lafiya, Ya dawo muku da hayaniyar cokula. Ranar zaman matan kuma ki ajiye min kujera a gaba. Zan zo, kuma nawa ɗankwalin a bakin ƙofa zan cire shi.

Taki,
Gwaggo Ambaro